Darasi na 12: Sau Biyu Ba Guda Biyu Ba Ne

Ku manya ne, ba sai na koya muku ƙirga ba. Mai salla sau biyar a rana ya san bambancin "sau nawa" da "guda nawa". Matsalar ita ce kwalin magani da Turanci yake magana.

Mu wuce masu sauƙi da sauri. Always, kullum. Sometimes, wani lokaci. Never, ko sau ɗaya. Once a week, sau ɗaya a mako. Every other day, a sha yau, a tsallake gobe, a sha jibi.

To, ga inda nake so ku buɗe kunne. Twice a day, ko twice daily, sau biyu ne a rana, safe da dare, da tazarar kusan awa 12. Three times a day, sau uku, kusan kowace awa 8. A takardar likita za ku ga na farko an rubuta bd, na biyu tds. Sau biyu ba guda biyu ba ne!

A wani gida an karɓo wa yaro maganin zazzaɓin cizon sauro, irin wanda ake sha sau shida cikin kwana uku. Uwar ta ba shi na safe, ta sa kwalin ƙarƙashin filo. Da hantsi kakarsa ta shigo, ta taɓa goshinsa.

"Ke 'yar nan, jiki kamar garwashi kina ɓoye magani? Ɓallo na daren ki haɗa masa, ciwon ya ji jiki!"

"Inna, mai magani ya ce yau ranar farko, na biyun sai bayan awa takwas."

"Shi ya haife shi? Tara na goya, ban taɓa duba agogo ba."

Yayar yaron, 'yar aji biyar, ta ɗauko kwalin, ta ɗora yatsa a kan rubutun. "Kaka, ga shi nan, twice daily. Idan an haɗa, da dare me zai sha?"

Tsohuwa ta ja tsaki, ta fita dama kunu tana cewa 'ya'yan zamani sun fi ƙarfinta. Kunun ma, idan da gyaɗa ko madara, ya taimaka, domin wannan magani ya fi shiga jiki tare da abinci mai maiƙo.

Yarinyar ta fi wasu maƙwabtana hankali. Mutum da gemunsa ya manta na safe, da dare sai ya watsa duka a baki, wai ya rama. Wani cikin azumi ya tattara na yini guda ya haɗiye da buɗa-baki, bai tambayi kowa ba. Haba jama'a! Ko parasitamol da kuke rainawa, babba ba ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a cikin awa 24, kuma a rarrabe. In an zarce, hanta ce ke lalacewa. Sau biyu ba guda biyu ba ne, sau uku ba guda uku ba ne.

Aikin gida: kowa ya zo gobe da kwalin magani ɗaya, ya ja layi ƙarƙashin kalmomin da ke faɗin sau nawa. Kuma don Allah, kada ku bar gaban mai ba da magani sai ya faɗa muku da Hausa: guda nawa, sau nawa, kwana nawa.