Da Duka Aka Yi Mata Maganin Warin Hamata

Makon jiya aka shigo min da wata yarinya 'yar shekara 8 da 'yan watanni, tare da mahaifiyarta da kakarta ta wajen uba. Ciwon mara aka rubuta a katinta. Wadda ke tsaye a gabana cikin hijabi har ƙasa kuwa, duk wanda ya gan ta zai ce ta kai 13. Na sake tambayar shekarunta, uwar ta zaro katin rigakafinta daga jaka ta miƙo min, shekarun daidai suke. Ciwon marar na al'ada ne. Yarinyar ta fi shekara guda tana ganin jini duk wata.

Na ce, "Maman yarinya, yaushe kika fara ganin canji a jikinta?"

Ta ce, "Likita, tun tana shekara 5 ta fara wani irin wari a hamata, irin na manya. In na yi mata wanka da safe, kafin azahar ya dawo."

Kakar ta karɓe zancen, ta ce ita tun a lokacin ta faɗa musu ƙazanta ce, yaran yanzu ba a iya cuɗa su ba. Da wannan hukunci aka tafi. Aka riƙa dirje mata hamata da soso da sabulun salo har fatar ta saɓule, a matsa lemun tsami a kan ɗanyen ciwo, a shafa alimun, a bi da humra. A Islamiyya yara suka daina zama kusa da ita, suka laƙaba mata suna. In ta dawo gida tana kuka ta ce ba za ta koma ba, a dake ta, a ce da tana wanka da kyau da ba a tsokane ta ba.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, uwar ta je kemis ɗin bakin layi. Ita kaɗai ta je, yarinyar na gida. Mai kemis bai ga yarinya ba, bai tambayi shekarunta ba, ya ce sanyi ne. Ya haɗa mata kafso da na shafawa, suka ƙare, ya sake haɗa wasu. Wannan kalma ta "sanyi" ta ishe ni. Duk abin da ya shafi jikin mace daga cibiya zuwa gwiwa, yanzu har da hamata, an mayar da shi sanyi, kuma kowane mai shago yana da maganinsa a kan kanta.

Tana cika shekara 6 ta fara ƙirgar dangi, gashi ya fito mata a gaba. A nan ne ya kamata kowa ya farka. Sai kunya ta shiga. Uwar ta riƙa ɗaure mata ƙirji da ɗankwali kafin ta sa mata riga, kada maƙwabta su gani. Aka sayo wani jiƙo a wurin masu tallan magani a mota da lasifika, wai yana "kwantar da jini". Ranar da aka fara ganin jini a wandonta, tana shekara 7, aka rufe ɗaki da ita ana tambayarta wa ya taɓa ta, ana dukanta don ta faɗa. Ba ta ma gane tambayar ba. Daga nan aka cire ta daga makaranta. Wani baffanta har ya fara cewa ai ta zama mace, a fara tunani.

Duk tsawon wannan bayani yarinyar ba ta ɗaga kai ba. Da na tambaye ta abin da ta fi so, a hankali ta ce 'yar tsana.

Muka yi awon jini, muka ɗauki hoton ƙashin hannunta na hagu, muka duba mara, muka tura ta hoton ƙwaƙwalwa. Alhamdu lillahi babu ƙari a ƙwaƙwalwa, babu a ƙwan mahaifa. Balaga ce da ƙwaƙwalwa ta tayar tun lokaci bai yi ba, kamar yadda yake faruwa ga yawancin 'yan matan da ke da wannan matsala, ba tare da an gano wani dalili ba. Amma hoton hannun ya nuna ƙashin 'yar shekara 13. Tsayin da iyayen ke alfahari da shi, wai ta fi sa'o'inta, shi ne alamar asarar. Ƙashin ya yi gudu, wuraren da yake ƙara tsawo sun kusa rufewa, kuma in sun rufe babu likitan da zai buɗe su. Sa'o'inta za su ci gaba da girma su wuce ta, ita ta tsaya kusan inda take.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne akwai magani. Allura ce da ake yi duk wata ko duk wata 3, tana dakatar da balagar har yarinya ta kai shekarun da suka dace, sannan a daina, komai ya ci gaba yadda Allah ya tsara. Tana da tsada, ba na musu. Amma amfaninta ga tsayi ya fi yawa idan an fara kafin shekara 6, kusan lokacin da aka fara ɗaure wa yarinyar nan ƙirji. Da na yi wa mahaifin wannan bayani washegari, ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Likita, wallahi ba wanda ya gaya min." Ana gida ɗaya, shekara 3, an ɓoye masa saboda kunya.

Nono kafin shekara 8 a jikin yarinya, asibiti. Girman maraina ko gashin gaba kafin shekara 9 a jikin yaro, asibiti. Jini a gaban ƙaramar yarinya, asibiti a ranar, kuma ba a dukanta. Yarinyar da ta ga jini tana shekara 7 'yar shekara 7 ce, ba matar aure ba ce.

Ba ina cewa duk yaron da hamatarsa ta yi wari yana cikin haɗari ba. Akwai wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, waɗanda kan fara aiki a hankali tun wajen shekara 6 zuwa 8, su tayar da gumin hamata irin na manya, ƙwayoyin cutar da ke kan fata su ci gumin, wari ya tashi. A wasu yara wannan yana zuwa da wuri, musamman masu ƙiba da waɗanda aka haifa ƙanana. Za a ga wari, ɗan gashi, maiƙon fuska, wani lokaci ƙuraje, amma babu nono, babu saurin tsayi. Mafi yawansu ba sa buƙatar komai sai wanka, tsabtatattun kaya na auduga, da a riƙa auna su. Sai dai ba uwa ce za ta yanke cewa nata ɗan irin wannan ne ba, ba kaka ba, ba mai kemis ba. Akwai ciwon da ake gado na waɗannan halittu na saman ƙoda da ke fara nuna kansa da wari da gashi kaɗai, kuma awon jini ne ke bambanta su.

Iyayen maza, ku kun fi kowa sakaci. Yaro ɗan shekara 6 murya ta buɗe, gaba ta girma, ƙwanji ya fito, uba yana dariya yana cewa ɗansa namijin duniya ne. A yara maza an fi samun wani dalili a bayan abin, har da ƙari a ƙwaƙwalwa. In kuma yaron na yawan ciwon kai, ko amai da safe, ko ganinsa na raguwa, kada a kwana.

Ku duba abin da ke kan madubinku da ƙarƙashin matashinku. Ƙwayoyin tazarar haihuwa da aka ajiye inda hannun yaro ke kaiwa, yarinya ta haɗiye su, nono na iya tasowa, jini na iya zuwa. Mayukan da ake tallatawa a Facebook da TikTok na ƙara nono da ƙugu, ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki, uwa ta shafa ta ɗauki ɗa da hannun. A Amurka an ga ƙananan yara sun fara nono da gashi saboda man kitso mai ɗauke da sinadarin mata, da aka daina shafawa abin ya koma. Kayan mata da tsimi kuma ba na yara ba ne, ko ɗanɗano. Man bilicin a jikin jariri ba zan ma fara maganarsa ba yau.

Akwai abin da ba a son faɗa, dole in faɗa. Yarinyar da ta fara al'ada tana iya ɗaukar ciki, komai ƙanƙantarta. A ƙasar Peru, a 1939, Lina Medina ta haihu tana da shekara 5. Jikin yarinya ya riga hankalinta, idanun mugaye kuma na kan jikin. Irin wannan yarinya tsaro take buƙata da uwar da za ta iya gaya wa komai, kuma wadda aka daka don ta yi jini ba za ta sake gaya wa kowa komai ba. Kada a cire ta daga makaranta. Kada a dake ta.

Wari kuma ba daga hamata kawai yake fitowa ba. Yaron da duk jikinsa ke ɗoyi, majina mai wari na zuba ta ƙofar hanci ɗaya, a leƙa hancin, sau da yawa gyaɗa ce ko dutsen ado ko guntun soson katifa ya kwana biyu a ciki. In batirin agogo ne, gaggawa ce. Kada a sa tsinke.

Mu ma'aikatan lafiya, yaro ya zo da zazzaɓi, a auna tsayinsa a rubuta. Yarinyar nan an sha kai ta ƙananan asibitoci don maleriya, ba wanda ya tsaya ya ce wannan tsayin bai yi daidai da shekarunta ba. Wanda ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya rubuta takarda zuwa sashen yara na babban asibiti, irin na koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, ya bar rubuta kafso.

Ranar da za ku kawo yaro, ku taho da katin rigakafinsa, da duk kwalba da mai da ƙullin maganin da aka taɓa ba shi ko ake amfani da shi a ɗakin. Uba ya zo da kansa. Kuma kada a shafa masa humra ko a turara kayansa a ranar, ina so in ji warin da kaina.