Gyaɗar da Ba a Gani a Kwano: Jan Hankali ga Masu Sayar da Abinci a Kalgo

Kafin shekarar 2013, mai tuwo a Kalgo ta san kusan duk wanda zai zauna a bencinta. Direbobin hanyar Jega ne da na Bunza, da 'yan kasuwa, da ma'aikatan ƙaramar hukuma, mutanen da aka yaye da kunun gyaɗa, suka girma da ƙuli-ƙuli a aljihu. A shekarar ne aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ta fara zama a Kalgo kafin mazauninta na dindindin a Unguwar Jeji. Ga kuma babban asibitin jiha da ke garin, mai tara majinyata da masu jinya daga ko'ina. Yau wanda ke miƙo kuɗin abinci yana iya zama ɗalibi daga Legas ko Jos, ko 'yar bautar ƙasa da ta tashi a Fatakwal. Masu ci sun canza, tukunya kuwa tana nan yadda aka gada.

Mai wannan rubutu duba-gari ne, kuma zagayen rumfunan abinci na cikin aikinsa. Abin da aka saba dubawa sananne ne: ruwan wanke-wanke, ƙuda, kwata, farcen mai zuba abinci. Daga baya ya ƙara tambaya guda a zagayensa: "Hajiya, in wani ya ce miki ba ya cin gyaɗa, me za ki zuba masa?" Sau da yawa dariya ce ke fara zuwa. "Gyaɗa kuma, Malam? Ai shinkafa da wake ce, ina ruwanta da gyaɗa?" Sai ya nuna mata galan ɗin man ƙuli da ke gindin murhu, da gwangwanin yajin da ke kan tebur. A nan dariyar ke tsayawa.

Abin da likitoci ke kira alaji ba tsirfa ba ce, ba kuma iyayi ba. Garkuwar jikin wasu mutane ce ke ɗaukar furotin na wani abinci a matsayin abokin gaba, sai ta saki sinadarai irin su histamin cikin jini a lokaci guda. Mai sauƙin shi ne borin jini, da ƙaiƙayin baki, da kumburin leɓe ko fatar ido. Mai tsananin, wanda ake kira anafilaksis, yana kumbura maƙogwaro, ya shaƙe ƙirji, ya saukar da bugun jini har mutum ya some. Yawanci yana farawa cikin mintuna kaɗan zuwa sa'o'i biyu bayan cin abincin, kuma mai asma ya fi kowa shiga haɗari. Wannan daban yake da halin wanda ya sha fura da nono cikinsa ya kumbura yana ƙugi. Shi wannan sukarin madara ne hanjinsa bai iya narkarwa ba. Zai sha wahala, amma ba numfashinsa abin zai taɓa ba.

Matsalar ƙasar nan ita ce gyaɗa ba ta cika zuwa a kamanninta ba. A tsaya gaban mai tsire da yamma a duba. Tun da rana ya yanka naman, ya soka a tsinke, ya birkiɗa shi cikin garin ƙuli da aka haɗa da barkono da citta da gishiri. Yana gashi yana yayyafa man gyaɗa. In ya zo yankawa, wuƙa ɗaya ce, katako ɗaya, kuma da hannun da ya ɗebi yaji yake ɗaukar albasa da tumatir. Kilishi kuwa ba ya zama kilishi sai an tsoma shi cikin labu, labu kuma tunkuza ce, wato abin da ya rage bayan an matse man gyaɗa. Miyar taushe da ake zuba wa tuwon shinkafa da masa, gyaɗa ce ke ba ta kauri. Kwaɗon zogale da na rama, ƙuli ne ginshiƙinsu. Ɗan wake ba ya tafiya sai da mai da yaji. Hatta dambu da dafa-duka, mai ci yakan miƙa hannu ya barbaɗa yajin tebur bai san da garin ƙuli a ciki ba.

Maganar mai tana buƙatar a tsaya a kanta. Man da kamfani ya tace sosai ba ya riƙe furotin sai ɗan abin da ba a rasa ba. Man ƙuli na gida, mai ƙamshin nan da kowa ke so, ba haka yake ba: ƙamshin da launin alama ce cewa gyaɗar na nan a ciki. Wuta ba ta kashe wannan furotin, suya ba ta kashe shi, gashi ma bincike ya nuna ƙara masa ƙarfi yake yi. Don haka ƙosai ko dankalin da aka soya a man ƙuli, a wurin mai alajin gyaɗa, gyaɗa ce.

Sauran ba su da wuyar lissafi. Akwai riɗi a kantu da miya. Akwai waken suya a awara, har ma a daddawa, tunda wasu masu yin ta sukan koma ga waken suya in kalwa ta yi tsada. Ƙwai da alkama da madara duk suna kan teburin mai shayi, inda kasko ɗaya ke soya wa kowa. Man shanu na saman tuwo. Kifin Argungu da na Yawuri na cikin miya, da garin jatan lande da 'yan kudu suka koya wa masu gidan abinci. Wanda jatan lande ke tayar wa bori ya yi hattara da soyayyar fara, domin furotin ɗinsu 'yan uwan juna ne.

Wani lamari da ya biyo ta hannun marubucin ya nuna yadda abin ke faruwa ba tare da mugunta ko ganganci ba. Wani ɗalibi ne, wanda ya san matsalarsa tun yana yaro, ya tsaya wurin wani mai tsire ya ce, "Don Allah kada a sa mini yaji." Mai tsiren ya amsa, ya yanka, ya naɗe a takarda, bai barbaɗa komai ba. Kafin shi da abokansa su kai masauki leɓen yaron ya kumbura, muryarsa ta dushe, yana tari yana kama wuya. Abokansa suka nemo manja suka ɗura masa, wani ya ruga kemis ya sayo Piriton. Allah Ya sa wani mai Keke Napep ya ce a daina wannan a tafi asibiti, kuma can aka yi masa allurar da ta dawo da numfashinsa. Da aka koma wurin mai tsiren washegari, rantsuwa ya dinga yi: "Wallahi Malam ban zuba mishi ba, ko ƙwaya guda." Kuma gaskiya ya faɗa. Shi yajin da ake barbaɗawa a ƙarshe ya fahimta. Wanda naman ya kwanta a ciki tun rana bai zo masa a rai ba. Ɗalibin ma da nasa: yaji ya ce, bai ce gyaɗa ba, bai kuma ce tana iya kashe shi ba.

Akan ji ana cewa wannan cutar Turawa ce. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba ta isa a jingina da ita ba. Wani bincike da aka buga a 2013 a kan 'yan makaranta sama da 1,600 a Ghana ya samu kimanin 1.5 cikin 100 ne ke cewa gyaɗa tana tayar musu da wani abu. A Afirka ta Kudu an gwada ƙananan yara, aka samu alajin abinci a 2.5 cikin 100 na yaran birnin Cape Town, a karkarar Eastern Cape kuwa 0.5 kacal. Binciken LEAP da Farfesa Gideon Lack ya jagoranta a Landan, wanda aka buga a 2015, ya bi jarirai 640 masu haɗarin kamuwa, ya gano cewa fara ba su gyaɗa da wuri ya rage alajin da kusan kashi 80 cikin 100. Wato dai kunun gyaɗar da iyaye mata ke ɗura wa yara a nan yana iya zama kariya da ba a san an yi ba. To amma waɗannan alƙaluman su ne kuma ke nuna cewa abin yana ƙaruwa inda rayuwar birni ta shiga, kuma daga biranen ne sababbin masu cin abincin Kalgo ke fitowa. Ko mutum ɗaya ne cikin ɗari, rumfar da ke ciyar da ɗaruruwa a mako za ta gamu da shi. A ganin marubucin, akwai ma waɗanda aka rasa a garuruwan nan bayan cin abinci aka ce iska ce ko sammu, ba wanda ya tambayi me suka ci.

A Ingila maganar ta kai ga kurkuku. A watan Janairun 2014, wani mutum mai suna Paul Wilson, ɗan shekara 38, ya sayi abinci a wani gidan abincin Indiya a garin Easingwold, ya faɗa musu ba ya cin gyaɗa, har aka rubuta hakan a murfin kwanon. Ya ci, ya mutu a gidansa. Bincike ya gano mai gidan abincin, Mohammed Zaman, ya daina sayen garin almon ya koma ga wani mai araha da aka haɗa da gyaɗa. A 2016 kotu ta ɗaure shi shekara 6 bisa laifin kisa ba da niyya ba. Duk mai gidan abinci a Kebbi ya san wannan jarabar: kaya sun yi tsada, sai a sauya mai, a sauya daddawa, a ƙara ƙuli a yaji don ya yi auki, ba a faɗa wa ko yaran shago ba.

A watan Yulin 2016 kuma, Natasha Ednan-Laperouse, 'yar shekara 15, ta sayi burodi a shagon Pret a Manger a filin jirgin Heathrow. Akwai riɗi a cikin ƙullin, takardar ba ta faɗa ba. Ta faɗi a cikin jirgi a hanyar Nice ta Faransa, ta rasu a ranar. Dokar da ke ɗauke da sunanta ta fara aiki ranar 1 ga Oktoban 2021, ta tilasta rubuta duk kayan haɗin abincin da aka naɗe a shago. Tarayyar Turai tana da jerin abubuwa 14 da dole a bayyana, Amurka tana da 9, riɗi ne na ƙarshen shiga a Janairun 2023. A Najeriya, ƙa'idojin NAFDAC sun shafi abincin kamfani mai lakabi. Tsire a takarda da tuwo a kwano ba su da lakabi. Bakin mai sayarwa ne kawai.

Shi ya sa abin da marubucin ya fi nacewa a kai a zagayensa ba shi da tsada ko kaɗan. Yarinyar da ke zuba abinci ta san abin da ke cikin kowace tukunya, in an sauya wani abu a faɗa mata. In ba ta sani ba, ta ce "ban sani ba, bari in tambayi Inna," maimakon "babu" da ake faɗa don kada ciniki ya wuce. Maganganu biyu ne suka fi ba shi tsoro a bakin masu abinci: "kaɗan ne" da "a tsame masa." Ba a tsame gyaɗa daga miya, ba a kakkaɓe ƙuli daga nama, kuma abin da bai kai rabin ƙwaya ba ya isa ya tayar da bori ga wanda alajinsa ke da ƙarfi. In za a yi wa irin wannan mutum abinci, a wanke hannu da sabulu, a ɗauko wankakkun cokali da wuƙa da kasko, a buɗe man da aka tabbatar da shi. Goge ludayi da tsumma ba wanki ba ne. In rumfar ba za ta iya ba, faɗa wa mutum ya nemi wani wuri ba abin kunya ba ne. Farantin shinkafa guda aka yi asara.

In kuma abin ya riga ya faru, lokaci ne komai. Borin jini kaɗai ba tare da wata alama ba, maganin ƙaiƙayi na iya isa, a kuma ci gaba da lura. Amma da zarar murya ta canza, ko haɗiyar yawu ta gagara, ko numfashi ya soma fito, ko jiri ya kama mutum, babu sauran zancen manja ko madara ko ƙwayar kemis. Ɗura wa mai shaƙewa abu a baki ƙara masa haɗari ne. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ya fi damunsa a bar shi ya zauna, mai ciki kuma a kwantar da ita a gefen hagu. Kada a tsayar da shi, kada a sa shi tafiya da ƙafa zuwa bakin titi, a ɗauke shi. Maganin shi ne allurar adirinalin a gefen cinya ta waje, rabin miligiram ga babba, wadda ma'aikacin lafiya zai maimaita bayan minti 5 in ba a ga sauƙi ba. Wanda ya zo da irin allurar nan ta aljihu, kamar EpiPen, a taimaka masa ya soka nan take, ko ta saman wando ne, sannan a wuce asibiti duk da haka, domin borin kan dawo bayan wasu sa'o'i. Wani ya riƙo ragowar abincin ya faɗa wa likita me aka ci da kuma yaushe.

Kira a nan ga sashen lafiya na ƙananan hukumomin Kalgo da Gwandu, da shugabannin mahauta, da ƙungiyoyin masu abinci da masu shayi: a sa wannan magana cikin taron da ake yi da ma dai kan tsafta. Masu rumfa a bakin jami'a da ƙofar asibiti su samo kwali su rubuta da Hausa da Turanci abincin da ke da gyaɗa, riɗi, waken suya, ƙwai, madara, alkama da kifi, su rataye inda mai saye zai gani. Mai alaji kuma ya daina jin nauyi. Ya ambaci sunan abincin ƙarara, ya ce yana iya kai shi asibiti, tun kafin a ɗauki ludayi.