Sunan da ya Saɓa wa Aiki: Fituwitari da Sinadaran Sashenta na Baya, da Misalai daga Tambuwal da Kebbe

Tsakure

Maƙalar ta dubi fituwitari, wata 'yar tsoka da ke gindin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, da sinadarai biyu da sashenta na baya yake sakarwa cikin jini, wato oksitosin da basofiresin. An bi tarihin sunayensu, aka gwada su da aikin da suke yi a jiki, aka kuma kawo misalai daga rayuwar mazauna ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe ta fuskar haihuwa da shayarwa da ƙishirwar bazara. Abin da ya bayyana shi ne, mafi yawan sunayen da likitancin Turai ya gada a wannan fage sun saɓa wa aikin abin da aka raɗa wa su. Don haka fassara su kai tsaye zuwa Hausa kwaso kuskure ne, kuma a wani wurin kuskuren yana iya cin rai.

Fitilun kalmomi: fituwitari, oksitosin, basofiresin, naƙuda, ƙirƙirar kalmomi

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa suna linzami ne. A fagen kiwon lafiya wannan magana ta wuce azanci, domin sunan da aka ba magani shi ke nuna wa jama'a lokacin da za su neme shi da lokacin da za su guje shi. Tambuwal tana kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, Kebbe kuma tana kudu da ita, ta wajen iyakar jihar da Zamfara da Kabi. A ƙauyukan da ke kewaye da Dogon Daji da Jabo da Sanyinna da Kuchi, kamar sauran karkarar jihar, mafi yawan mata a gida suke haihuwa, ko biƙi kamar yadda ake cewa a Sakkwatanci, a hannun ungozoma ko wata tsohuwa ta gida. Ungozoma ba ta san fituwitari ba, amma da aikinta take hulɗa kullum: ta san naƙudar gaskiya da ta ƙarya, ta san mahaifar da ta ɗaure da wadda ta saki, ta san nonon da ya kawo da wanda ya ƙi. Ke nan harshen yana da kalmomin aikin. Abin da ya rage ga masana shi ne sunan mai aikin.

2.0 Fituwitari: Mazauninta da Asalin Sunanta

Fituwitari ba ta wuce girman ƙwayar wake ba, nauyinta kimanin rabin giram. Tana zaune cikin wani ɗan gurbi na ƙashin gindin kwanya mai siffar sirdi, a bayan karan hanci can ciki, kuma wani siririn wuya ya haɗa ta da sashen ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamus.

Sunanta ya samo asali daga kalmar Latin pituita, wadda ke nufin majina ko kaki. Jalinus, likitan nan na ƙarni na biyu da malaman ɗibbu suka sani ta littattafan Larabci, ya ɗauka ta nan ƙwaƙwalwa ke tace dattinta ya sauko hanci. Sai a ƙarni na 17 Conrad Schneider da Richard Lower suka nuna ba haka abin yake ba, amma sunan ya riga ya zauna. Larabci ma ya bi sahu da al-gudda an-nukhamiyya, daga nukhama, wato kaki. Mai fassarar da ya bi ƙamus kai tsaye zai samar da "ƙullutun majina", ya dawo wa ɗaliban Hausa da zaton da aka yi watsi da shi fiye da shekara ɗari uku.

Tsokar ta kasu gida biyu. Sashen gaba yana ƙera sinadaransa da kansa, ciki har da firolaktin mai sa nono ya samar da ruwa. Sashen baya kuwa ba ya ƙera komai. Jijiyoyin haifotalamus ne ke haɗa oksitosin da basofiresin, su gangaro da su ta cikin wuyan, a ajiye su a nan har saƙo ya zo a sake su. Da harshen manomi, haifotalamus ita ce gona, sashen baya kuma rumbu. Sinadaran biyu kamar wa da ƙane suke: kowanne ƙwaya tara ta amino aka jera aka gina shi, biyu kacal suka bambanta su. Vincent du Vigneaud ne ya gano jerin a Amurka, ya haɗa oksitosin a ɗakin gwaji a 1953, ya sami lambar Nobel a 1955.

3.0 Oksitosin

A 1906 Henry Dale ya lura a Ingila cewa ruwan da aka tatso daga sashen baya yana sa mahaifa ta tsuke. Sunan oksitosin daga Girkanci yake, ma'anarsa haihuwa cikin sauri. Sunan yana da gaskiyarsa. Idan kan jariri ya danni bakin mahaifa, saƙo kan hau ƙwaƙwalwa, rumbu ya saki oksitosin, mahaifa ta murɗa, kan ya ƙara dannawa, a sake saki, haka har a sauka lafiya. Sai dai sunan ya ɗauki aiki ɗaya ya bar biyu, kuma a cikin biyun da ya bari akwai wanda ya fi ceton rai.

3.1 Bayan Faɗuwar Mabiyiya

Gab da haihuwa, jinin da ke ratsa mahaifa ya kai rabin lita ko fiye a kowane minti. Idan mabiyiya ta rabu da bangon mahaifa, takan bar jijiyoyin jini a buɗe. Babu abin da ke rufe su nan take sai tsukewar naman mahaifar kanta, kuma oksitosin ne kan gaba wajen sa ta tsuke. Idan ta saki, mai biƙi na iya rasa jinin da zai kai ta lahira cikin sa'o'i kaɗan. Likitoci na ɗaukar zubar rabin lita cikin sa'a 24 bayan haihuwa a matsayin haɗari, kuma wannan zubar jini ita ce kan gaba a sanadin mutuwar masu haihuwa a duniya. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya ƙiyasta mutuwar mata 512 a cikin kowace haihuwa 100,000. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowace mace allurar oksitosin da zarar jariri ya fito, ko tana zubar da jini ko ba ta yi.

A nan ne matsalar suna ta taso. Abin da ya zauna a bakin jama'a shi ne "allurar naƙuda" ko "ruwan naƙuda". Wannan suna ya ɗaure maganin da lokacin da ya fi haɗari, ya kuma raba shi da lokacin da ya fi amfani. Wanda ya ji "allurar naƙuda" zai neme ta sa'ad da haihuwa ta yi nawa, kuma ba wuya a samu mai shagon magani ko wani mai allura na ƙauye ya yi ta a ɗaki. Alhali kafin jariri ya fito, a asibiti kaɗai ake ba da ita, ɗigo-ɗigo ta jijiya, ana ƙirga murɗawar mahaifa ana sauraren bugun zuciyar ɗa. Idan ƙugu ya yi wa kan jariri kaɗan, ko ya zo a gicciye, ƙara wa mahaifa ƙarfi tura kaya ne ta ƙofar da ba ta buɗe ba: ɗa ya galabaita, ko mahaifa ta fashe. Matar da wannan ya same ta a wani ƙauyen Kebbe tana da tafiya mai nisa a gabanta kafin ta isa inda za a yi mata tiyata da ƙarin jini. A ɗaya ɓangaren kuma, wadda ta haihu lafiya za ta iya ƙin allurar, ta ce ai naƙuda ta wuce.

Zubar jinin tana da wani tabo da kan biyo baya. Sashen gaba na fituwitari yana kumbura a lokacin goyon ciki, kuma idan jini ya yi ƙasa ƙwarai yakan mutu. Harold Sheehan ya bayyana wannan a 1937. Alamarsa ta farko ita ce nono ya ƙi zuwa, daga baya haila ta ɗauke, kasala ta zauna. A gida akan jingina irin wannan ga iska ko sammu, alhali tushensa ranar biƙi ne.

3.2 Zubowar Nono

Aiki na uku shi ne tunkuɗo nono. Firolaktin ke samar da ruwan, oksitosin ke matso shi zuwa kan nono sa'ad da jariri ya kama, wani lokaci ma da jin kukansa kawai. Murɗawar mara da mai jego ke ji in tana shayarwa a kwanakin farko aikinsa ne, mahaifa ce ke komawa mazauninta. Tsoro da ɓacin rai suna danne shi, don haka mace na iya zama da nono cike ya ƙi zubowa. Ta wannan fuska al'adar goyon ciki, inda ake mayar da mai cikin fari gaban iyayenta, tana da hikimar da ta wuce kunya. Al'adar jinkirta shayarwa da zubar da dakashi, wadda har yanzu ake yi a gidaje da dama, ita ce ba ta da mafaka, domin tana hana jariri kariyar da ke cikin nonon farko, tana kuma jinkirta wannan saƙo. Duk da haka shayarwa ba ta maye gurbin allura.

3.3 Zafin Ƙasa

Oksitosin na kwalba yana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 da 8. A watannin Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40, wuta kuma ba ta da tabbas. Wani bincike da aka yi tare da hukumar NAFDAC, aka buga a 2018, ya samu kusan kashi uku cikin huɗu na samfuran oksitosin da aka tattaro a Nijeriya ba su cika ma'auni ba. Saboda wannan matsala da yawan haihuwar gida, Jihar Sakkwato ta fara rarraba ƙwayar misofirostol a ƙauyuka a 2013. Ba daga fituwitari take ba, amma tana tsuke mahaifa, ba ta kuma bukatar firji ko allura: ƙwaya uku ake haɗiya bayan fitowar jariri. Ita ma shan ta kafin haihuwa haɗari ne. A 2018 aka buga sakamakon gwajin kabetosin, wani ɗan'uwan oksitosin mai jure zafi, a kan mata kusan 30,000 a ƙasashe goma, har da Nijeriya, aka ga yana hana zubar jini daidai da oksitosin.

4.0 Basofiresin

George Oliver da Edward Schäfer sun ga a 1895 cewa ruwan fituwitari yana ɗaga hawan jini, daga nan sunan basofiresin ya fito, wato mai matse jijiya. Amma aikinsa na yau da kullum riƙe ruwa ne. Ƙoda tana tace kimanin lita 180 a yini, ta mayar da kusan duka cikin jini, lita ɗaya da rabi kawai ke fita. Basofiresin ne ke yanke hukuncin ƙarshe a kan yawan abin da zai fita. Da zarar jini ya ƙara kauri da kashi 1 ko 2 cikin ɗari, haifotalamus ta ji, ta ta da ƙishirwa, ta kuma sa rumbu ya saki sinadarin.

Duk wanda ya yi azumin 2021 da 2022 a Tambuwal, lokacin da Ramadan ya faɗo tsakiyar bazara, ya ga wannan aiki da idonsa: zuwa la'asar fitsari ya ragu, ya yi ja, ya yi kauri. Haka makiyayi da mai noman rani a fadama. Jiki ne ke tsimin ruwa, sai dai tsimin yana da iyaka, domin ƙoda na bukatar kusan rabin lita a yini don fitar da datti.

Idan sinadarin ya yanke, saboda bugun kai a haɗarin babur ko ƙari ko tiyatar ƙwaƙwalwa, mutum zai riƙa fitsarin lita goma ko fiye a yini, fari kamar ruwan randa, ga ƙishirwar da ba ta yankewa. Likitoci sun daɗe suna kiran cutar dayabitis insifidus, sunan da ya haɗa kai da na ciwon suga, bambancin kawai wannan fitsarin lami ne. Ruɗanin ya sa an riƙa auna wa majinyata suga ana mance ba su maganinsu, desmofiresin, har aka rasa rayuka. A 2022 ƙungiyoyin likitocin fannin na ƙasashe da dama suka amince a sauya sunan zuwa ƙarancin basofiresin. Hausa ba ta taɓa faɗawa wannan rami ba, domin "ciwon suga" ya ambaci suga ne, bai ambaci fitsari ba. Mai fassarar da ya rubuta "ciwon suga marar zaƙi" shi zai haƙa ramin da hannunsa.

5.0 Shawarwarin Suna

Kalmar kaluluwa ba ta dace da fituwitari ba, domin a kunnen Bahaushe kaluluwa ciwo ce. Ƙullutu siffa kawai ya faɗa. Tsarin ginin kalma na ma-…-a, wanda ya ba harshen mahaifa da mafitsara, yana iya ba da matsattsafa, wato wurin da abu ke tsattsafowa, a ce "matsattsafar gindin ƙwaƙwalwa", sashenta na baya kuma "rumbun matsattsafa". A littafin makaranta kalmar aro fituwitari za ta iya tafiya tare da ita, tun da ɗalibi zai gamu da ita a jarrabawa. Basofiresin ya zama "sinadarin riƙe ruwa", cutarsa kuma "ciwon sakin ruwa". Oksitosin ya zama "sinadarin tsuke mahaifa", sunan da ya rufe naƙuda da bayanta.

Allurar ce ta fi bukatar gaggawa, kuma ita ta fi wuya, domin tsohon sunan ya riga ya yi jijiya. Hanya mafi sauƙi ita ce a raba ta gida biyu. A bar "ruwan naƙuda" ga ɗigon da ake yi a asibiti kaɗai, wadda ake yi bayan haihuwa kuwa a kira ta "allurar tsaida jini", ko a Sakkwatanci "allurar bayan biƙi", sunan da ya faɗi lokacin yin ta a cikinsa. Wurin gwada waɗannan kalmomi shi ne ranar awo a asibitocin Tambuwal da Kebbe, da shirye-shiryen lafiya na gidan rediyon Rima, da taron horar da ungozomomi. A can ne za a ji ko bakin tsohuwa zai ɗauki "matsattsafa" ko zai tofar da ita.