Darasi: Shawara ko Kama-karya?

Mulki iri biyu ne: na shawara, inda talaka yake da bakin magana, da na kama-karya, inda ake rufe masa baki. Alƙur'ani ya nuna mana duka biyun. Sarauniyar Saba'i ta nemi shawarar manyanta kafin ta yanke hukunci, Fir'auna kuwa ba ra'ayin kowa sai nasa. Kin san ƙarshen kowannensu.

A nan Kano ma an yi wannan gwagwarmaya. A 1950 aka kafa NEPU a Sabon Gari don talaka ya samu 'yanci daga danniyar Turawa da En'e. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri saboda wayar da kan mata. Duk da haka matan Arewa ba su fara zaɓe ba sai 1976. Sojoji suka sake ƙwace mulki a 1983, dimokuraɗiyya ba ta dawo ba sai 1999.

To, ƙuri'ar da aka shiga kurkuku dominta, ita za ki sayar a rumfar zaɓen Fagge saboda taliya da sabulu? Shaida ce fa, kuma za a tambaye ki. Ki bincika, ki zaɓi mai amana.

Allah Ya ba mu shugabanni adalai, amin.