Amsoshin Tambayoyinku: OK ne ko Okay?

Wani mai sauraronmu da ke aiki da 'yan ƙasashe daban-daban ya ce gardama ta kaure a ofishinsu: wannan ya rubuta "okay", waccan "OK", wani kuma don ƙyuya "k" kawai yake turowa. Wanne ne daidai?

To malam, ku sha kuruminku, kalmar tun asali da gangan aka karkata ta. Ranar 23 ga Maris, 1839, jaridar Boston Morning Post ta Amurka ta buga "o.k." cikin raha, a madadin "oll korrect", wato "all correct" da aka ɓata rubutunsa don barkwanci. Abin da ake yayi ke nan a Boston lokacin. A zaɓen 1840, magoya bayan Shugaba Martin Van Buren, mai laƙabin "Old Kinderhook" (O.K. ke nan a taƙaice), suka cafe ta suka yi ta yayatawa. Shi dai ya sha kaye, ita kuwa ta zauna daram.

Ƙamusoshin Turanci sun amince da "OK" da "okay" duka. Amma "k" ɗin nan, kada ka kuskura ka tura wa maigidanka, sai ya ɗauka fushi kake yi da shi.