Amsar Tambaya: Linux Za Ta Yi Mini a Gida?

Tambaya: Ɗana ya dage in sa Linux a kwamfutata, yana ta ambaton GNU. Ta dace da ni?

Amsa: Malam, kada sunayen su razana ka, masu rubuta manhaja mutane ne masu son wasa da harshe. Da Richard Stallman ya fara aikin GNU a 1983, ya raɗa masa sunan da fassararsa ita ce "GNU ba Unix ba ne", wato sunan yana ƙunshe da kansa; Unix kuwa wani tsohon tsarin sarrafa kwamfuta ne. A 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a ƙasar Finlan, ya samar da Linux, aka haɗa ta da manhajojin GNU. Wayarka ta Android ma a kanta aka gina ta.

In buƙatarka shiga intanet ce da rubuta wasiƙa da kallon bidiyo, Linux Mint ko Ubuntu za su wadatar da kai, kyauta ne, ga LibreOffice maimakon Word. Amma in da CorelDraw ko Photoshop kake neman abinci, zauna a Windows, don ba a yi su domin Linux ba.

Shawarata, ka sa yaron ya ɗora ta a filas ka gwada ba tare da goge komai ba. Ka fara kwafe hotunanka da takardunka tukuna.