Hasken Rana da Mayen Ƙarfe Wajen Tsabtace Ruwan Rini

A gabashin birnin Landan akwai wata unguwa ana ce da ita Stratford, a bakin Kogin Lea. Tun cikin ƙarni na 18 masu buga zane a jikin yadi suka kafa sana'arsu a wurin. Bayan da William Perkin ya gano hanyar haɗa rini daga kwalta a 1856, sai aikin ya bunƙasa, har Raphael Meldola ya haɗa wani shuɗin rini a 1879 a Hackney Wick, daura da Stratford. Dauɗar masana'antu iri iri ta yi ta malala cikin kogin da ƙasar wurin, sai da aka tsabtace ƙasa kimanin tan miliyan 2 kafin wasannin Olamfik na 2012.

Shi rinin zamani an yi shi ne musamman domin kada ya koɗe, saboda haka ko ya shiga kogi ba ya ruɓewa da wuri. Yakan tare hasken rana, tsire-tsiren ruwa su mutu, kifaye su rasa iska.

To, ina dabara? A 1972 waɗansu masana biyu na Japan, Fujishima da Honda, suka nuna ƙarfin wani farin gari, titaniyam dayoksaid, wanda ake sa wa a fenti. In haske ya same shi cikin ruwa, yakan haifar da waɗansu ƙwayoyi masu kaifi da ke farfasa rini. Amma garin ya cika laushi, tsamo shi daga ruwa jan aiki ne.

Sai masana suka koma sarrafa shi da ƙarfin lantarki, ya zama zare wanda ya fi gashin kai siranta sau ɗaruruwa, suka cusa masa garin tama irin wanda mayen ƙarfe, watau maganaɗisu, ke ja. In zaren ya gama aiki, sai a kawo mayen ƙarfe ya tattare shi, a sake amfani da shi.

Har wa yau dai yawancin aikin yana ɗakunan bincike, domin abin da garin ke iya amfani da shi bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. In aka shawo kan wannan, Kogin Challawa na Kano, wanda ke shan dauɗar majemu da masaƙu, yana iya samun sauƙi, gama rana ba ta ƙaranci a ƙasar Hausa. Darasin Stratford kuwa shi ne, tare dauɗa a bakin masana'anta ya fi binta cikin kogi arha.